Yadda ake haɗa kundin tunawa da bukukuwan makarantar yara

Duk gidan da ke da ɗan makaranta, akwai wata leda ko durowa da ake cusa takardu a ciki: katin sakamako, takardar gayyata ta ranar rabon kyaututtuka, zanen da yaro ya shigo da shi a guje yana murna, hoton 'yan aji na ƙarshen shekara. Sauran hotunan kuwa suna cikin waya, ɗaruruwa, har ranar da wayar za ta faɗa ruwa ko ta ɓata. Kundin tunawa littafi ne da ake tattara waɗannan abubuwa a cikinsa, a jera su bisa lokaci, a rubuta bayani a gefensu. Na haɗa wa kowane ɗaya daga cikin 'ya'yana irinsa, tun daga ranar da aka fara kai su makaranta, kuma abubuwa biyu na ga suna raba kundin da zai yi ƙarko da wanda zai lalace: rubuta bayani tun abin bai fita daga kai ba, da maƙala kaya ta hanyar da ba za ta cinye su ba. Kwalliya tana zuwa daga baya, in an ga dama.

Kayan aiki

Littafin kansa ne farko. Ni fayil mai zobe nake amfani da shi, girman A4, wato santimita 21 a 29.7. Dalilina shi ne yawancin takardun shaida da katin sakamako wannan girman ne ko ƙasa da shi, kuma ana iya buɗe zoben a ƙara shafi a tsakiya idan wani hoto ya ɓullo daga baya. Akwai albam na musamman mai faɗin santimita 30 a 30, yana da kyau kuma yana ba da fili, amma yana da nauyi, kuma ba kowace kanta yake shiga ba. Idan ba a samu ko ɗaya ba, littafin zane mai takarda mai kauri ya isa. Abin da zan hana ku shi ne tsohon albam ɗin nan mai shafuka masu danƙo da ake ɗaga leda a ɗora hoto a mayar. Danƙon yana yin ja da tsufa, ya kama bayan hoto, ranar da kuka zo cirewa sai hoton ya yage.

Sai takardar shafuka. Ku nemi kwali mai ɗan kauri, giram 160 zuwa 220 (nauyin kowace murabba'in mita na takardar ke nan). Takardar fotokwafi ta yau da kullum giram 80 ce, ba ta ɗaukar nauyin hotuna uku ba tare da ta lanƙwashe ba. Idan da hali, ku zaɓi wadda aka rubuta a fakitinta cewa ba ta da asid. Ga dalilin a taƙaice: takarda mai araha, irin ta jarida, tana ɗauke da wani sinadarin itace da ake kira liginin, wanda haske da iska ke mayar da shi asid. Shi ya sa tsohuwar jarida take yin rawaya tana marmashewa, kuma asid ɗin yana tsallakawa ya ɓata duk takardar da ta jingina da ita.

Aljihunan leda masu huji da ake sa wa fayil suna da amfani ƙwarai, amma ba kowace leda ba. Ku duba alamar alwatika a fakitin: lamba 5 ko haruffan PP, wannan ce mai kyau. Lamba 3 ko PVC, ku bar ta. Ko babu alama, hanci zai gaya muku, domin PVC tana da ƙarfin warin sabuwar roba, tana da ɗan maiƙo a hannu, kuma tana kwashe tawadar fotokwafi ta manne a jikinta.

Sauran kayan ƙanana ne: almakashi mai kaifi, reza da rula ta ƙarfe da wani tsohon kwali da za a riƙa yanka a kansa, fensir mai laushi (2B ko wanda ya fi shi laushi), abin goge fensir, alƙalami baƙi mai tawadar da ruwa ba ya wankewa, gam na sanda wanda ake murzawa kamar jan-baki, 'yan kusurwoyin maƙala hoto, da ambulan fari guda goma ko fiye. Sai akwati ɗaya ko kwali mai murfi ga kowane yaro. Gam na ruwa, sufa-gulu, salatif, sitefula, duk ku nisanta su daga teburin. Zan faɗi dalili idan mun zo wajen.

1. Ku buɗe akwatin tarawa tun yau

Aikin kundi yana farawa ne tun kafin a sayi littafi. Kowane yaro a ba shi akwatinsa da sunansa a jiki, a ajiye a inda hannu ke kaiwa. Duk abin da ya shigo daga makaranta wanda ake jin za a so a sake gani, a jefa shi ciki. Amma kafin a jefa, a juya bayansa a rubuta da fensir: kwanan wata, aji, da sunan bikin. Daƙiƙa goma ne. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kuma na tabbatar da wannan a kaina, domin akwai zane-zane guda uku a kundin babban ɗana da har yau na kasa tantance ko a aji biyu ya yi su ko a aji uku, shi ma ya kasa.

Ranar biki kuma, ku tafi da niyyar tattaro takarda. Jadawalin shirye-shiryen ranar da ake rabawa a ƙofa, katin gayyata, lambar da aka maƙala wa yaro a riga lokacin tsere, takardar da ya haddace jawabinsa daga ciki mai cike da gyare-gyaren malami. Mutane suna barin waɗannan a kan kujera su tafi, alhali su ne ke ɗauke da sunaye da kwanan wata da hoto ba ya ɗauke da su.

2. Ku fitar da hotuna daga waya

A ƙarshen kowane zangon karatu, ku zauna da wayar ku zaɓi hotuna a kai a wanke. Kada ku jira ƙarshen shekara, yawansu zai sa ku kasala.

Girman da aka fi wankewa shi ne santimita 10 a 15. Domin ya fito tas, hoton yana buƙatar kusan ɗigo 1200 a 1800, wato 'yan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto (pixels). Hoton da wayarku ta ɗauka da kanta yawanci ya wuce haka. Matsalar tana wajen hotunan da aka turo ta WhatsApp daga zauren iyaye ko daga malamin aji, saboda manhajar tana matse hoto ta rage masa inganci. A fuskar waya ba a gani, amma a takarda sai fuskokin yara su fito dishi-dishi. Ku roƙi wanda ya ɗauka ya sake turo muku a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Idan hakan bai yiwu ba, ku wanke shi ƙarami, rabin girman da aka saba, zai fi fitowa da kyau.

Wankin situdiyo ya fi bugun ƙaramar firinta ta gida juriya, musamman idan ruwa ya ɗiga. Ni na fi son takardar hoto marar sheƙi, domin ba ta riƙe shatin yatsa kuma ba ta saurin mannewa da leda. Da zarar hotunan sun zo, ku rubuta bayani a bayan kowanne da fensir mai laushi, a gefe-gefe, hoton yana kife a kan tebur mai tauri, ba tare da dannawa ba. Biro yana huda shati ya fito ta gaba, kuma tawadarsa tana shafar fuskar hoton da ke ƙarƙashinsa idan an tara su. Wasu takardun hoto suna da santsi a baya har fensir ba ya kamawa; a nan sai ku rubuta a 'yar takarda ku haɗa su a ambulan ɗaya.

3. Tacewa

Nan ne masu farawa suke tsayawa, saboda komai na ɗanka yana da daɗi a ido. Amma kundin da aka cusa wa komai ba ya buɗuwa, ba ya kuma karantuwa. Ƙa'idata: biki ɗaya, shafi biyu masu fuskantar juna, hotuna uku zuwa biyar, takarda ɗaya ko biyu. Babban biki irin na yaye ɗalibai yana iya cin shafi huɗu.

Wajen zaɓen hoto, ku nemi iri uku. Ɗaya da ke nuna wurin gaba ɗaya, filin ko zauren da jama'a. Ɗaya da ke nuna yaron cikin aikin, yana gudu, yana magana a gaban makirfo, yana karɓar kyauta. Ɗaya kuma da ke nuna shi da mutanensa, abokansa ko malaminsa. Wannan na ukun shi ne wanda yara suka fi daɗewa suna kallo idan sun girma, kuma shi ne iyaye suka fi mantawa su ɗauka, saboda idonsu yana kan nasu ɗan kawai.

Ku yi wannan zaɓen tare da yaron idan ya kai shekara biyar ko shida. Za ku yi mamakin abin da zai ɗauka. 'Yata ta taɓa ture hoton da take karɓar kyauta ta zaɓi wani da ya ɗan girgiza, saboda a cikinsa ne kawai ƙawarta da ta bar makarantar ta fito. Na sa duka biyun.

Wani abu kuma da nake jin nauyinsa: kada kundin ya zama na nasara zalla. Ranar da ya zo na ƙarshe a tsere amma ya ƙarasa, ranar da ya manta layinsa a wasan kwaikwayo, katin sakamakon zangon da lissafi ya ba shi wahala, duk suna cikin tarihinsa. A gidan da wani yaro yake kwaso kyaututtuka wani kuma ba ya samu, wannan ya fi zama dole. Idan satifiket kaɗai ake sawa, kundin ɗaya zai yi ƙiba na ɗayan ya rame, kuma yara suna lura da irin wannan fiye da yadda muke zato. Ranar farko ta aji, sabuwar rigar makaranta, yawon buɗe ido, rubutun hannunsa a farkon shekara da ƙarshenta, kowane yaro yana da waɗannan. Sai dai idan akwai abin da shi da kansa ya ce ba ya so a sa, ku girmama maganarsa, ku ajiye shi a ambulan a bayan akwati.

4. Ku shirya takardun kafin su shiga littafi

Ku cire duk wani ƙarfe: ƙarfen sitefula, kilif, fil. Suna yin tsatsa su bar jan tabo da ba ya fita. A juya takardar, a miƙe ƙafafun ƙarfen da bakin reza, sannan a zare shi ta gaba. Robar ɗaure kuɗi ita ma a cire, tana narkewa ta manne. Takardar da ta nannaɗe, a shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu biyu a ɗora mata littattafai masu nauyi kwana biyu ko uku. Kada a goge ta da dutsen guga.

Akwai takardu iri biyu da ba za su rayu ba komai kulawarku. Na farko ita ce takarda mai santsi irin ta rasit da tikitin shiga, wadda zafi ne ke fitar da rubutunta, ba tawada ba. Ku karce gefenta da farce, idan baƙin layi ya fito, ita ce. Rubutunta yana dusashewa har ta koma fara fat. Na biyu ita ce jarida, saboda dalilin da na faɗa a sama. Duka biyun a yi musu fotokwafi a kan takarda mai kyau, a maƙala kwafin a shafi. Idan kuna son ajiye asalin guntun jaridar, ku sa shi a aljihun leda shi kaɗai, kada ya taɓa hoto.

Sai maganar laminatin. Na san yana ba da sha'awa, takarda ta fito tana ƙyalli kamar ba za ta taɓa lalacewa ba. Amma zafi da gam ne ake narka wa takardar, kuma ba a iya warware shi. Bayan shekaru gefen yana iya buɗewa, laima ta shiga ta maƙale a ciki. Takardar rasit kuwa, tana shiga injin za ta fito baƙa ƙirin. Asalin takardar shaida, musamman wadda za a iya nema wata rana a wani ofis, kada a yi mata laminatin, kada a huda ta, kada a shafa mata gam. Ta shiga aljihun leda yadda take. Ni ma takardun shaidar kammala makaranta ba na sa asalinsu a kundi sam. Suna tare da muhimman takardun gida, kwafi mai launi ne ke cikin kundin.

5. Ku jera ba tare da gam ba

Ku ɗora komai a kan shafin, ku matsa nan ku matsa can har ya zauna. Ku bar santimita biyu zuwa uku a gefen da zobe yake, da kamar santimita ɗaya da rabi a sauran gefuna, inda yatsu ke kamawa wajen buɗewa. Babban hoto ɗaya ya zama uban shafin, sauran su kewaye shi. Mafi muhimmanci, ku ware wa rubutu wurinsa tun yanzu, aƙalla faɗin tafin hannu. Idan ba a ware ba, hotuna za su cinye filin, a ƙare da matsa kwanan wata a lungu. Idan tsarin ya yi muku, ku sa ɗan ɗigo da fensir a kusurwar kowane abu, ko ku ɗauki hoton shafin da waya.

Gargaɗi game da almakashi: kada a yanka hoton da babu kwafinsa. Wanda yake cikin waya ana iya sake wanke shi, a datse shi yadda ake so. Hoton aji da mai hoto ya kawo guda ɗaya kuwa, a bar shi yadda yake. Ko wanda ake da kwafinsa ma, kada a yi ta yanke bayan fage. Allon aji, ƙofar makaranta, bishiyar da ke tsakiyar fili, bayan shekara ashirin su ne za a riƙa nunawa da yatsa.

6. Maƙalawa

Duk abin da ba za a iya sake samunsa ba, da kusurwa ake maƙala shi, ba da gam ba. Kusurwoyin nan 'yan aljihuna ne masu siffar alwatika, ana manna su a shafi, hoton ya shiga cikinsu, gam bai taɓa shi ba, kuma ana iya zare shi a karanta bayansa. Ku fara sa su a kusurwoyin hoton huɗu, sannan ku ɗora a kan ɗigon fensir ku danna. Kada ku matse su sosai, takarda tana ɗan buɗewa da laima.

Idan ba ku samu na sayarwa ba, hanya biyu ce. Ku liƙe bakin farin ambulan, ku yanke kusurwoyinsa, kowace kamar santimita biyu, kun samu huɗu daga ambulan ɗaya. Ku shafa gam a bayansu kawai. Ko kuma ku ɗora hoton a shafi, ku yi alama, ku tsaga ɗan layi a karkace da reza a kowace kusurwa, ku cusa bakin hoton ciki. Wannan ta biyun tana ɓata bayan shafin, don haka fuska ɗaya kawai za ku yi amfani da ita.

Gam na sanda na kwafi ne da takardun ado da guntayen rubutu. A shafa kaɗan a kusurwoyi da tsakiya, a ɗora farar takarda a sama a shafe da tafin hannu. Gam na ruwa yana jiƙa takarda ta yi kumburi, kuma ba ta komawa daidai. Salatif shi ne babban mai laifi: bayan 'yan shekaru ledar tana ɓallewa ta faɗi, danƙon ya nutse cikin takardar ya bar tabo ruwan ƙasa. Kundina na farko da shi na yi, kuma akwai katin gayyata ɗaya da tabon ya ratsa ta kan sunan yaron. Gam ɗin da ake damawa da sitaci a gida kuma yana kiran kyankyaso da sauran ƙwari, ku bar shi.

Idan shafuka biyu masu fuskantar juna duk suna da hotuna kuma ba a cikin leda suke ba, ku sa siririyar farar takarda a tsakani. Fuskar hoto da fuskar hoto idan suka haɗu da laima, mannewa suke yi, kuma rabuwarsu sai da ɓarna.

7. Rubutu

A nan nake so ku fi daɗewa. Hoto yana nuna yara shida a jere cikin riga iri ɗaya. Yau kun san sunan kowa. Bayan shekara goma, biyu za ku iya tunawa, yaron ma watakila uku.

Kowane shafi ya amsa tambayoyi huɗu: yaushe, a ina, wane biki, su wa ke ciki. Kwanan wata a rubuta shi cikakke da shekara, tare da ajin yaron da shekarunsa. Sunaye a jera su daga hagu zuwa dama, layi-layi, da cikakken sunan malami. Idan hoton aji ne mai yara talatin ko arba'in, ku ɗora siririyar takarda mai nuna abin da ke ƙasa, ku zana da'ira a kan kowane kai ku sa lamba, sannan ku jera sunayen da lambobinsu. Yaron ne zai faɗa muku, kuma a cikin wannan shekarar kawai zai iya faɗar duka.

Bayan wannan sai abin da ya fi komai daraja, wato maganar yaron da bakinsa. A daren bikin ko washegari, ku tambaye shi. Kada ku ce "Ya yi daɗi?", domin "E" kawai za ku samu. Ku ce: me ka gani da ka hau dandamali? Wa ya tsaya kusa da ke? Me malam ya ce muku kafin a fara? Wane abu ne ya ba ka dariya, wane ne ya ba ka tsoro? Ku rubuta amsar yadda ta fito, da kuskuren nahawunta da kalmomin da ya ƙirƙiro. Kada ku gyara. Autana ya taɓa ce mini lokacin da aka kira sunansa "cikina ya yi sanyi har ƙafa", na rubuta haka, kuma duk gidan babu wanda ke wuce wannan shafin bai tsaya ba.

Idan ya iya rubutu, ku ba shi 'yar takarda ya rubuta da hannunsa, ku maƙala. Ba a shafin kai tsaye ba, saboda idan ya yi kuskure zai ji ya ɓata littafin, ransa ya ɓaci. Ku ma haka: ku rubuta a takarda dabam ku manna, ko ku ja layi da fensir ku rubuta a kai ku goge bayan tawada ta bushe. Kada ku ce rubutun hannunku ba shi da kyau ku koma bugawa da kwamfuta. Wata rana rubutun hannun uwa ko uba zai zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake buɗe kundin domin a gani. Ku ƙara layi biyu ko uku naku: abin da kuka ji kuna zaune cikin jama'a, yadda aka kwana ana maimaita jawabi, wanda ya raka ku.

Alƙalami mai launi irin na yara da tawadar ja ko shuɗiya mai haske suna saurin kodewa. Baƙar tawada mai jure ruwa ko fensir su ne masu daɗewa.

8. Kaya masu kauri da manyan zane

Lambar yabo ta ƙarfe ba ta zama a tsakanin shafuka. Tana danna hotuna ta bar shati, tana iya yin tsatsa. Ku ɗauki hoton yaron yana sanye da ita, da wani na kusa da ke nuna rubutun jikinta, ku sa hotunan a kundi, ita kuma ta zauna a akwati da 'yar takardar bayani ɗaure a igiyarta. Kofi da abin da aka ƙera da kwali ko yumɓu ma haka. Ƙyalle ko kintinkiri marar nauyi yana iya shiga ambulan da aka manna a shafi.

Zanen da ya fi shafi girma, ko a naɗe shi sau ɗaya a sa a aljihu, ko a ɗauki hotonsa. Wajen ɗauka, a shimfiɗa shi kusa da taga da rana, a kashe fitilar kyamara, a riƙe wayar daidai samansa. Zanen alli da na gawayi suna gogewa, kuma leda tana jan ƙurarsu, saboda haka farar takarda ake rufa musu. Ganye ko fure da aka busar suna fitar da tabo, su ma sai a ambulan nasu.

Idan littafi mai ɗinki kuke amfani da shi, zai fara buɗe baki yayin da yake cika. Maganinsa a cire shafi ɗaya cikin kowane uku, a bar ɗan santimita biyu a gindi.

9. Kwafi da ajiya

Duk shafin da aka gama, a ɗauki hotonsa ko a yi masa sikanin, a ajiye a wuri biyu, misali filash da kuma ma'ajiyar intanet. Idan za ku tura wa dangi, ku tuna akwai 'ya'yan wasu da cikakkun sunayensu da sunan makarantarsu a shafin. Kada ya hau Facebook ko wani dandali ba da izinin iyayensu ba.

Kundin yana son wurin da mutum ma zai ji daɗin zama: ba zafi, ba laima, ba hasken rana kai tsaye. Masu adana takardu suna neman laimar iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. A gida, ma'anar wannan ita ce kada a ajiye shi a ƙasa, ko jikin bangon da ke tsattsafo, ko kusa da banɗaki da wurin girki, ko saman silin inda zafi ke taruwa. Kanta ta tsakiya a cikin kabad ta fi. Fayil mai zobe a tsaye ake ajiye shi da abin da zai tokare shi. Babban albam mai nauyi a kwance, kada a ɗora masa fiye da ɗaya ko biyu. 'Yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ku jefa kaɗan a kusa, ku riƙa canza su, ku kuma nisanta su daga hannun ƙananan yara. Kada a ɗaure kundin a leda ruf, laimar da ta shiga ba ta samun hanyar fita.

Sau biyu a shekara ku sauko da shi ku buɗe shafi-shafi, ku duba alamar gara, kashin kyankyaso ko warin fumfuna. Idan kun ga fumfuna, ku ware shafin daga sauran, ku shanya shi a inuwa inda iska ke kaɗawa har ya bushe sarai, sannan ku kakkaɓe da burushi mai laushi a waje, hanci a rufe. Idan ruwa ne ya zuba, ku zare hotunan nan take tun ba su manne ba, ku shimfiɗa kowanne fuskarsa sama a kan tawul, kada ku goge fuskar, kada ku kai su rana.

Wanda kuma ya tarar da ledar shekara biyar ko shida a gabansa, kada ya fara daga farko. Ya fara da bikin da aka yi kwanan nan, wanda sunaye da maganganu suke sabo a kai, ya gama shafinsa biyu. Tsofaffin a raba su ambulan-ambulan bisa aji, a zauna da yaron a rubuta duk abin da ya iya tunawa a bayan kowane ambulan, sannan a riƙa ɗaukar ɗaya duk mako ana komawa baya, zoben fayil ɗin zai ba kowanne wurinsa.